Ƙahon Tsakiya

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau ma bokan Illiya ya yi kuka, sau uku. Ina tsakar fili rana na dukana ina jin tit, tit, tit daga ɗakin sanyi, sai ga shi ya fito da takarda ya nufi biro, ofishin shugabanmu Shef Abdou, ko kallona bai yi ba. To, ya dai ce "sannu Nomau", ni ne ban amsa ba. Duk ɗaya ne.

Bari in rubuta yadda abin yake ko na huce. Shekara ashirin da huɗu ke nan ni da Illiya a wannan tashar wuta. Rana ɗaya aka ɗauke mu, ɗaki ɗaya muka kama a Sabon Gari, kwano ɗaya muke sa hannu. Ni na fara gane kan taransifo, babban injin da ke raba wa gari wuta, ni na nuna masa. Ƙahonni ukun nan na tangaran da ke tsaye bisa kansa, waɗanda wuta ke bi ta cikinsu, a takarda traversées ake rubutawa, mu ƙaho muke cewa, ni ke duba lafiyarsu tun lokacin da Illiya ke zabura in fili ya yi ƙara. Kowane ƙaho cike yake da mai, can samansa akwai ɗan madubi mai jan zane. In mai ya kai zanen, lafiya lau. Daga ƙasa nake hangowa da jumel, madubin hangen nesa, don ba wanda ke hawa in wuta na ciki.

Bara aka ce za a tura mutum ɗaya Yamai ya koyo sabuwar na'ura. Wallahi har jakata na sa matata Balki ta wanke. Aka tura Illiya, wai shi ke da takardar lekol, ya yi boko. Ya dawo da ekaran mai kama da talabijin da wasu wayoyi da aka ɗaura a gindin kowane ƙaho, wai suna auna wutar da ke sulalewa ta jikinsa dare da rana, in ta yi yawa na'ura ta yi kuka. Shi ne nake ce mata boka. Aka sa masa kilim mai hura sanyi a ɗaki don na'ura ba ta son zafi. Na'ura ba ta son zafi! Ni da nake waje an tambaye ni ko ina so?

Laraba, 24 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Ƙahon dama a zane. Na hagu a zane. Na tsakiya ya ɗan sauka, bai kai yatsa ba. Wataƙila idona ne.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan magariba

An kira mu biro. Tun da soji suka karɓi mulki ba a taro sai da Kapitan a gefe, hularsa kan gwiwa, ba ya yawan magana. Illiya ya miƙe da takardunsa ya ce ƙahon tsakiya ba shi da lafiya, lambarsa kullum hawa take. Ya ce a cika shato, babban tankin gari, da ruwa, a sanar da gari, a kashe wuta kwana huɗu a sa tsohon ƙahon da ke ajiye a magaza, ɗakin kaya. In ba haka ba wata rana zai fashe, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba.

Taransifo ɗaya ya rage mana. Ɗan'uwansa ya mutu tun bara, kayan gyaransa na can bayan iyaka ba su samu shigowa ba. Wannan ɗayan shi ke juya famfunan da ke ba Agadas ruwa, ga damina ta wuce ba a ga abin kirki ba, mutanen daji sun cika bakin gari da ragowar awakinsu. Kwana huɗu ba famfo a wannan zafi ba wasa ba ne. Kapitan ya ɗago ya ce, "Ku ne ke da tabbas, ko na'ura ce ke da tabbas?"

Shef ya yi 'yar dariya ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma dai a ji ta bakin tsohon hannu. Tsohon hannu! Wata bakwai ba wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa, yau an tuna da ni. Na gyara zama na ce gani ya kori ji, Shef ya zo fili ya duba mai da idonsa. Ya ce wace rana. Na ce Litinin.

"Bon. Da wane lokaci?"

Na faɗa masa lokaci.

Juma'a, 26 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Na tsakiya yatsa ɗaya ƙasa da zane. Ba idona ba ne. Ba ɗigo ko ɗaya a jikin tangaran, ke nan ta ciki yake tsiyaya, cikin taransifo.

Juma'a, bayan masallaci

Muna fitowa mutane suka yi masa caa. "Malam Illiya, da gaske za a ɗauke wuta?" "Malam Illiya, me na'ura ta ce?" Malam! Mutumin da na koya wa yadda ake riƙe spana... kai, har ƙaramin kile na kwance noti bai san da wane hannu ake kamawa ba ranar da muka fara. Na tsaya neman takalmina na fi minti biyar, ba wanda ya ce da ni kanzil.

A gida na tarar da yayan Balki ya sauko daga Tabelot. Rijiyar garkarsa, lambun da yake nomawa, ta ƙafe, albasa ta ƙone a ƙasa, ya zo da mata da yara huɗu za su zauna wurinmu sai abin da Allah ya yi. Mun zama goma sha biyar a famfo ɗaya.

Balki na zuba mini ruwa ta ce, "Malam, Habsa ta ce mijinta Illiya ko abinci ba ya ci saboda ƙahon nan."

Na ce ya ci na'ura.

Ta ajiye butar ta dube ni. "Ka san dai hassada ga mai rabo taki ce."

Na ce wa ya yi maganar hassada? Ta ce ba kowa, ta shige ɗaki.

Asabar, 27 ga Afrilu, da rana

Illiya ya aiko mini da dabinon Fachi. Na ce a ba yara.

Lahadi, 28 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Yatsa ɗaya da rabi.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Sun zo ƙarfe uku, kamar yadda na ce. Shef da Kapitan, Illiya a bayansu. Ƙarfe ko taɓa shi ba a yi don zafi. Na goge jumel da bakin rigata na miƙa wa Shef, na nuna masa inda zai duba. Ya duba dama, ya duba hagu, ya daɗe a na tsakiya. Ya ce, "Mais mai na nan a zane." Ya miƙa wa Kapitan, shi ma ya gani.

Ban yi ƙarya ba. Ina so in rubuta wannan da kyau: kalma ɗaya ta ƙarya ba ta fito daga bakina ba. Duk wanda ya yi aikin nan ya san mai kumbura yake in ya sha zafi, ya hau madubi ko da ya ragu, shi ya sa ake dubawa da sassafe kafin rana ta taɓa shi. Shef mutumin biro ne, daga Yamai aka kawo shi, bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Da ya tambaya da na faɗa. Ina jin da na faɗa.

Kapitan ya ce to na'urar fa, me take wa kuka? Na ce zafin Agadas ba na Turai ba ne, ko mutum ya kan yi sambatu, ko kuma wata waya ce ta saki a gindi. Suka yi dariya. Rabona da in ba manya dariya har na manta.

Illiya bai karɓi jumel ba. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An ba Illiya takarda ya sa hannu cewa kukan na'ura kuskure ne, an sa shi ya rufe mata baki. Ba za a kashe wuta ba. Kapitan ya ba ni hannu a gaban kowa, Shef na ta kirana doyen, wato dattijon ma'aikata. Na sayo tsire na kai gida. Yara sun ci, ni na ji kamar an zuba masa toka.

Fili shiru yau, ba tit, ba tit.

Laraba, 1 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Hutu ne, amma na je. Yatsa biyu.

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan azahar

Ina dafa shayi a inuwar magaza Illiya ya fito daga ɗakin sanyinsa ya zauna kusa da ni a ƙasa, da farar rigarsa da ko gumi ba ta sani ba. Na zuba masa don ba yadda zan yi. Ya kurɓa ya ce sukari ya yi yawa, kamar kullum. Na ce wanda bai saya ba bai da bakin magana, kamar kullum. Ya yi dariya, har na kusa yi.

Sai ya ce, "Lambar nan fa ba ta daina hawa ba, Nomau. Bakinta kawai na rufe."

Na ce ai kai ne gwaninta.

Ya juya kofin a hannunsa. "Ba ka da abin da za ka gaya mini?"

"Kamar me?"

"Ban sani ba. Ko me."

Na ce Balki na gaida Habsa. Ya ce za ta ji. Ya shanye, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

Abin da ke ƙona mini rai da shi ke nan. An ƙaryata shi gaban soji, an sa shi ya sa hannu a kan kansa, amma ya zo ya zauna yana shan shayina hankali kwance. Da ni aka yi wa da na kwana bakwai ban yi wa kowa magana ba. Komai nasa a sanyaye. Matarsa ba ta ɗaga masa murya, 'ya'yansa biyu na jami'a, ko gemunsa bai yi furfura kamar nawa ba, alhali wata uku kawai na girme shi. Astagfirullah. Na ce astagfirullah, amma ban daina ba.

Asabar, 4 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya

Na shiga biron Shef da niyya. Wallahi da niyya na shiga, tun a hanya nake haɗa maganar. Na tarar da baƙi biyu daga wajen gwamna, ya miƙe ya kama kafaɗata ya ce, "Ga mutumin da ya hana mu jefa gari a ƙishirwa." Suka ba ni hannu bibbiyu. Ya ce me ke tafe da ni.

Na ce safar hannuna ta yage.

Lahadi, 5 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Babu mai a madubin. Na goge jumel na sake dubawa. Babu.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan magariba

Na kwana da cewa yau zan faɗa, ko me zai faru. Ina isa aka ce Yamai sun bugo waya. Ashe na'urar tana aika musu lambobinta kai tsaye, sun gani, hankalinsu ya tashi. Kuma wa suka nema? Ba Shef ba, ba doyen ba. "A ba mu Monsieur Illiya." Da sunansa suka san shi a can. Ni shekara ashirin da huɗu, ko a takardar albashi sai sun ɓata rubutun sunana.

Sun ce gobe ya buɗe akwatin da ke gindin taransifo ya duba wayoyin, tunda an ce wataƙila ɗaya ta saki. In ya same su daidai, a kashe wuta jibi.

To shi ke nan ai. Zai same su daidai, Yamai za ta ce ya yi gaskiya, a tafa masa, a kashe. Me ya rage in faɗa? In je in tsoma bakina don a ƙara masa girma da kunyata? Kwana ɗaya ne. Abin da ya yi mako biyu yana tsaye ba zai kasa kwana ɗaya ba.

Ya wuce ni a ƙofa da yamma ya ce gobe bayan azahar zai shiga fili. Na ce Allah ya kai mu.

Talata, 7 ga Mayu

Uku saura kwata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 9 ga Mayu, da hantsi

Illiya yana da rai. Wannan zan fara rubutawa.

Har yanzu kunnena na dama ba ya ji sosai. Ƙahon tsakiya ne ya fashe, an tsinci guntun tangaran a bakin hanya, bayan katanga. Yana durƙushe gaban akwatin lokacin, shi ya sa bai same shi a kai ba, amma mai da wuta sun zubo masa a baya da hannun dama, wani guntu ya yanke masa cinya. Ni na jawo shi. Ban san lokacin da na tashi daga wurin shayi ba, na dai ga kaina ina jan sa da wuyan riga, rigar na saluɓewa a hannuna. Yanzu ko'ina na bi cewa ake Nomau namiji ne, Nomau ya shiga wuta don abokinsa. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta yi ta sa mini albarka, na rasa inda zan sa fuskata.

Taransifo ya ƙone ƙurmus. Ba zancen kwana huɗu kuma, wasu na cewa wata biyu, wasu na cewa sai abin da Allah ya yi. Shato ba a cika ba, tunda ba wanda ya ce a cika. Motocin soji ke kawo ruwa unguwa-unguwa. Balki da matar yayanta sun fita da bido, jarkokin ruwa, tun asuba, ba su dawo ba sai azahar, da bido biyu, mu goma sha biyar. Awakin mutanen daji na mutuwa a bakin gari, ana jin warin har nan.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Shef ya ba ni makullin ɗakin Illiya, wai in riƙe kafin a gani. Na zauna a kujerarsa. Ba wuta, ba kilim, ekaran baƙi ƙirin, ɗakin ya fi waje zafi. Takalmansa na salla na nan ƙarƙashin kujera. Ban yi minti goma ba na fito.

Mutum uku sun iso daga Yamai don bincike. Takardar da ya sa wa hannu na gabansu. Suna cewa shi ne mai na'ura, ya ga lamba na hawa, ya rubuta da hannunsa cewa kuskure ne, ya rufe mata baki. Shef ya ce shi abin da masana suka gaya masa ya bi. An sa soji a ƙofar ɗakin da Illiya ke kwance a gidan likita. Na ji kalmar sabotage, wato zagon ƙasa, sau biyu yau. A wannan zamani wanda aka liƙa wa ita ba kora kawai ake masa ba.

Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Sun ce mai ya kai zane ranar Litinin, manya biyu sun shaida.

Lahadi, 12 ga Mayu

Balki ta ce, "Malam, duk gari sun je duba shi ban da kai." Na ce kunnena ke ciwo.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na je. Sojin ya san ni, ya ce "a'a, mai ceto ne", ya buɗe mini. Illiya na kife a kan ciki, an naɗe shi tun daga wuya. Habsa na yi masa fifita, tana ganina ta fashe da kuka tana godiya, ta ce ba su da abin da za su saka mini da shi. Ya ce mata ta je ta nemo ruwa. Ta fita.

Na ce ya jiki. Ya ce da sauƙi. Na ce an ce suna so su ɗora maka. Ya ce ya ji.

Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa don sojin, "Ranar Lahadi kafin ya fashe babu ko ɗigo a madubin, ko?"

Na ce ta ina ka sani?

"Ta tagar ɗakina nake hangowa, ƙarfe biyar da rabi, kafin ka zo. Kai ka koya mini ai, shekararmu ta farko. Ka ce wanda ya duba mai da rana, gara ya zauna gida."

Na ce to me ya hana ka faɗa ranar, gaban Shef?

"In ce a dawo da asuba? Kapitan na tsaye. Tambayar farko da zai yi, don me Nomau ya kawo mu ƙarfe uku. Kana da yara bakwai, saura shekara biyu ka ajiye aiki." Ya numfasa, da ganin yadda yake cije baki magana na masa zafi. "Na ce bari in ba ka kwana biyu, za ka faɗa da bakinka, a ce tsohon hannu ya sake dubawa ya gano. Kwana biyu suka zama mako. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Na sa ka a gaba, na bar gari a baya. In sun tambaye ni abin da zan ce ke nan, na ga lamba na sa hannu. Gaskiya ce ai."

Na ce sunana fa?

Ya ce, "Wane sunanka?"

Habsa ta dawo da ruwa rabin kofi. Na yi musu sallama, ban san me na ce ba.

Talata, 14 ga Mayu, da rana

Ban je aiki ba. Ban ci komai ba.

Ya kamata in ji kunya, kuma na ji. Amma in zan faɗi gaskiya a wannan littafi, abin da ya fi kunyar yawa haushi ne. Haushi nake ji kamar in fasa ihu. Ya tafi Yamai, na haɗiye. Ya samu ɗaki, na haɗiye. Ya yi gaskiya a kan ƙaho, wannan ma da na haɗiye. Yanzu kuma yana kwance fatar bayansa a saluɓe, zai ɗauki kayana ya ɗora a kai ya tafi da shi kurkuku, ni in zauna ina yawo a gari ana sa mini albarka, ina ci da 'ya'yana daga sadakarsa har in mutu. Kullum na gan shi in san ya fi ni, shi ma ya san na sani, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Haba! Wa ya roƙe shi?

Balki ta leƙo ta ce me nake ta rubutawa tun safe. Na ce ta zauna. Na karanta mata tun daga farko, ban tsallake ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba. Da na gama ta ce, "Yaran fa?" Na ce ban sani ba. Ta tashi ta ciro rigata ta Juma'a ta hau gugarta da gawayi.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Masu bincike na zama ƙarfe tara a biron Shef. Littafin nan zan kai musu. Duk abin da suke nema na cikinsa, rana da lokaci da yatsa, da hannuna na rubuta. Na yi tunanin in yage shafukan da na zage shi, sai na ga in na fara yagewa ba abin da zai rage.

Kada wanda ya karanta ya ce Nomau ya tuba ya zama mutumin kirki. Ban kai nan ba tukuna, Allah ya sani. Ya riga ni Yamai, ya riga ni komai. Wannan laifin nawa ne, ni na yi abina, kuma wallahi ba zan bar masa shi ba.